Na sauke kwamfutata zuwa tsohon sistem saboda fitinar fasawod, ga yadda na same shi

Salamu alaikum jama'a. In kana cikin masu tunanin sauke kwamfutarsu daga sabon sistem, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta irin su Windows ko macOS, su koma tsoho saboda wannan ɗan akwatin da baya gajiya da cewa a sa fasawod, to ni dai nayi, kuma bari in faɗi matsayata tun kafin surutun yayi tsawo. Abin yana aiki, hankali yana kwanciya da gaske, amma ba kowa zan ce yayi ba, kuma ko wanda zaiyi akwai sharaɗi ɗaya da in bai cika ba gara ya haƙura ya zauna inda yake.

Da gangan naƙi kama sunan sistem ɗin da na gudo daga gare shi, don manyan kamfanonin nan babu wanda bai taɓa gasa ma mutanensa aya a hannu da irin wannan ba, kuma nasan halinmu, ina kama sunan ɗaya sai magoya bayan ɗayan su fara tafi a koma gardamar wane yafi wane a manta da ainihin maganar.

Ni ba tambayar fasawod ɗin bane matsalata. In zan kunna kwamfuta ta tambaye ni, daidai ne. In zan ɗora sabuwar manhaja ko in taɓa wani abu da zai iya rikita na'urar gaba ɗaya ta tambaye ni, wallahi har daɗi nake ji don nasan ana gadina. Abin da ya kai ni maƙura shine yawan, da kuma rashin bayani. Kana tsakiyar rubutu idonka na kan kibod, sai akwatin ya faɗo a tsakiyar sikirin ya ƙwace wurin rubutun, kai baka sani ba kana ta bugawa, ɗago kan da zakayi sai kaga rabin jimlarka ta shige cikin gurbin fasawod ta zama ɗigo ɗigo baƙaƙe. Ka goge, ka sa fasawod ɗin, mai babban baƙi da lamba da alama wanda su da kansu suka tilasta maka ka ƙirƙira, kayi kuskuren harafi ɗaya saboda takaici, ka sake, ya karɓa, ka koma neman inda tunaninka ya tsaya, kafin ka kamo zaren sai ga wani ya faɗo, iri ɗaya sak, da sunan wani abu da kai baka taɓa ji ba a rayuwarka wai yana so yayi canje canje. Wane abu ne? Wane canji? In nace a'a me zai lalace? Babu amsa. Gurbi ne kawai da maɓalli biyu. Kamar maigadin da ka ɗauka da kuɗinka ya tsare maka ƙofar gida, sai ya shigo ciki yana tare ka tsakanin falo da ɗakin kwana yana cewa ka nuna shaidar kai ne maigidan.

Akwai masu cewa ai ragwanta ce, sakan nawa sa fasawod zai ɗauka. Ban yarda ba ko kaɗan. Ba sakan ɗin bane, katsewar tunanin ne, kuma ma wannan ƙarami ne akan babbar illar, wato abin yana koya ma hannunka ɗabi'a. In aka tambayi mutum abu sau da yawa babu dalili to zai daina karantawa, da akwati ya faɗo yatsu su wuce da kansu. Su kuwa ɓarayin intanet wannan ɗabi'ar suke nema ido rufe. Akwai muguwar manhajar da ake kira Atomic Stealer da ta bayyana a 2023 tana kai hari kan kwamfutocin Mac, dabararta shine ta fito da akwatin bogi mai kama da na gaske tace ka sa fasawod ɗin na'ura, wanda ya saba sawa babu tambaya shikenan ya miƙa makulli da hannunsa. Haka kutsen da akayi ma kamfanin Uber a watan Satumba 2022, maharin ya riga ya samu fasawod ɗin wani ɗan kwangila, sai ya dinga yunƙurin shiga, wayar mutumin tana ta samun saƙon ka amince ko kar ka amince, yana ƙi ana sake turowa, daga ƙarshe ya danna amincewa. To kaga yawan tambaya ba shine tsaro ba, wani lokacin ma shine ƙofar da ake shigowa.

Kuma wannan rigimar tsohuwa ce. Waɗanda suka riski Windows Vista da ta fito kasuwa a Janairu 2007 zasu tuna da UAC, tsarinta na neman izini kafin a taɓa wani abu mai muhimmanci a na'ura, sikirin ya dushe gaba ɗaya komai ya tsaya cak sai akwatin neman izini a tsakiya, in kai ne mai cikakken iko a na'urar ka danna ci gaba, in ƙaramin akawun kake amfani dashi sai an kawo fasawod ɗin babba. Manufar mai kyau ce, don a zamanin Windows XP da ta gabace ta kusan kowa da cikakken iko yake aiki, duk bairos ɗin da ya shigo shima cikakken iko ya samu. Amma masu rubuta manhajoji sun saba da haka, abu kaɗan manhaja tace tana son ikon babba, sai akwatin ya zama ruwan dare. A taron tsaro na RSA a 2008 wani jami'in Microsoft mai suna David Cross ya fito fili yace an sa abin ne don ya dami mutane, domin damuwar ta matsa ma masu manhajoji su gyara aikinsu. Ka duba fa, kai da ka sayi na'ura da kuɗinka kai aka mayar sandan dukan wasu. Mutane kuwa suka dinga komawa XP, har lasisin Vista Business da Ultimate da ke zuwa da sabuwar kwamfuta yana da izinin a sauke zuwa XP Professional, ofisoshi da yawa haka suka dinga yi. Sai da Windows 7 ta zo a Oktoba 2009 da ɗan abin ja a cikin setin mai mataki huɗu da zaka rage ko ƙara yawan tambayar sannan ƙura ta lafa. Apple a lokacin har talla sukayi suna tsokanar Vista, wani mutum da baƙar kwat tsaye a bayan mai wakiltar PC duk maganar da za ayi sai ya tambaya a bari ko a soke. Amma da macOS Catalina, sistem ɗin su Apple ɗin, ta fito a 2019 da nata jerin neman izinin, shiga wannan folda, shiga waccan, mutane da yawa Vista suka tuna, sannan a Sequoia ta 2024 aka kawo tambayar da ke dawowa akan manhajojin da ke ɗaukar hoton sikirin, lokacin gwaji duk mako ne, da ƙorafi yayi yawa aka mayar duk wata. Shi yasa nace babu mai dariyar wani.

To yanzu aikin saukewar kansa. Anan matsala ta farko take, don hawa sama dannawa ɗaya ce ka je kayi harkarka ka dawo ka tarar an gama, amma saukowa aiki ne na zama guda, kuma kowane kamfani da nasa dokar. A Windows in ka hau sabo akwai damar komawa baya a cikin setin amma kwana 10 ne kawai, bayan nan sistem ɗin yana goge foldar Windows.old inda tsohon ke ajiye, in kuma kai ka goge ta da kanka wajen neman fili to damar ta tafi tun kafin kwana goman, sai dai ka ɗora sabo fil daga filash. Kuma ka tabbata kana tuna fasawod ɗin da kake shiga dashi a tsohon, don shi za a tambaye ka in ka koma, su da kansu suna gargaɗi akan haka kafin a fara. A Mac babu ma wannan maɓallin, goge faifan zakayi gaba ɗaya ka ɗora tsohon, sannan ka dawo da kayanka daga Time Machine, manhajar Mac mai ajiye kwafin kayanka, in kana da ajiyar da kayi tun kafin ka hau sabon, kuma Mac baya karɓar sistem ɗin da ya girmi wanda ya fito dashi daga kamfani, wato in sabuwar na'ura ka saya da sabon sistem a ciki to babu inda zaka sauka, ka ajiye wannan tunanin kawai.

Ni goge komai nayi na ɗora daga filash. Shawarata anan guda ce kuma da ƙarfi nake faɗa, ka kwafe fayilolinka a matsayinsu na fayil, hoto a hoto, takarda a takarda, a wani faifai na waje, kar ka dogara da ajiyar da sabon sistem yayi da tsarinsa shi kaɗai. Dalili kuwa wasu manhajojin da zarar sabon zubinsu ya buɗe ma'ajiyarka sai ya sauya mata fasali, tsohon zubin bazai ƙara iya buɗe ta ba, ma'ajiyar hotuna ta Photos a Mac misali ce sananniya. Sannan fasawod ɗin da burauza ta riƙe maka shekara da shekaru, da lambar lasisin manhajojin da ka saya, da lambobin ceto na akawun ɗin da ke da tsaro mai mataki biyu, duk ka tanade su kafin ka danna goge. Kuma ka shirya ranka, ranar da ka gama ɗorawa zaka sa fasawod fiye da kowace rana, imel zai tambaya, burauza zata tambaya, ma'ajiyar intanet zata tambaya, kowane shafi zaice sabuwar na'ura ce a turo lamba ta waya, wannan kam dole ne kuma ban ga laifinsa ba tunda da dalili, na'urar ce ta zama baƙuwa a wurinsu.

Bayan wannan ranar fa, kai, shiru. Gaskiya sai na yaba. In kunna in sa fasawod sau ɗaya in shiga aiki, har in rufe babu abin da ya faɗo min a fuska sai in ni na nemi ɗora wani abu. Abin da ban zata ba shine yadda na dawo ina karanta akwatin in ya fito, saboda ya zama abu mai wuyar gani, in na ganshi sai gabana ya ɗan faɗi in tsaya in duba wa ke tambaya. A ganina haka ya kamata abin ya zama tun asali. Firinta da sikana da suka fara min gardama a sabon suma suka dawo daidai tunda direbobinsu, wato manhajojin da ke haɗa su da kwamfuta, dama don tsohon aka rubuta, na'urar kuma ta ɗan ƙara sauƙin tashi, duk da wannan nasan gogewar da akayi ma faifan tana da hannu a ciki, ko sabon ka ɗora akan faifai mai tsabta zakaji sauƙi.

Sai dai tsohon shima baya barinka ka manta cewa akwai sabo. Sanarwar ka hau sabo tana nan tana leƙowa lokaci lokaci, kuma dole ka lura sosai wajen karɓar afdet, ka bambance na toshe ɓaraka wanda lallai ne ka karɓa da babban da zai mayar da kai inda ka baro, don sau tari gefe da gefe ake jera su. Wasu manhajojin ma sun fara cewa sabon zubinsu baya hawa kan sistem ɗina, yau ɗaya gobe biyu, a hankali ake barinka a baya.

Anan ne sharaɗin yake. Kafin ka sauka ka bincika ko kamfanin yana ci gaba da turo ma tsohon sistem ɗin gyaran tsaro, kuma har zuwa yaushe. In an daina, kar ka sauka, ko da akwatin zai tambaye ka sau ɗari a wuni. XP an daina kula da ita 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci na ESU wanda a 2025 aka ba mutanen gida shekara ɗaya zuwa Oktoba 2026. Apple su kuma a al'adarsu sabon da ake kai da biyun da ke bayansa suke turo ma gyara. Wanda yake ganin wannan tsoratarwa ce ya tuna muguwar manhajar WannaCry ta watan Mayu 2017, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da 150 tana neman kuɗin fansa, asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka dinga soke ganin marasa lafiya, alhali gyaran ɓarakar da ta bi ta shiga ya fito tun watan Maris, waɗanda abin ya ci sune na'urorin da basu karɓi gyaran ba. Kuma ita bata jira ka danna komai ba, ta cikin netwok take bi daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Mutumin da ya gudu daga akwatin fasawod ya koma sistem ɗin da aka daina gyarawa, an gudu ne ba a tsira ba, musamman in a kwamfutar yake shiga banki ko yake ajiye aikin mutane. Nawa yana cikin wa'adi shi yasa na iya zama, kuma na rubuta ranar ƙarewar na ajiye.

Wani abu kuma da nake so wanda ke cikin wannan halin ya gwada kafin ya ɗauko filash, don sau da yawa ba sabon sistem ɗin bane gaba ɗaya, abu ɗaya ne ya karkace a ciki. In akwatin iri ɗaya ne yake ta dawowa da suna iri ɗaya, to galibi wani tsohon fasawod ne ya maƙale a wani wuri ana ta gwada shi yana ƙin shiga. A Mac an san wannan matsalar da Keychain, wato ma'ajiyar fasawod ɗin na'urar, in aka sauya fasawod ɗin shiga na'ura ta wata hanyar da bata sauya na Keychain ɗin tare ba sai su saɓa, daga nan kowace manhaja mai son ɗauko wani sirri sai ta tambaye ka, maganin shine a daidaita su ko a buɗe sabon Keychain. A Windows akwai irin wannan ma'ajiyar mai suna Credential Manager, in ka canza fasawod ɗin imel amma tsohon na kwance a can, manhajar imel zata dinga damunka har sai ka cire shi. Masu sistem ɗin Linux su sudo, umarnin da ke bada ikon babba, yana riƙe izininka na ɗan lokaci bayan ka sa fasawod, minti 5 a asali, a nau'in Linux na Ubuntu kuma 15, kuma ana iya ƙarawa. Sannan in na'urarka tana da wurin ɗora yatsa ko kyamarar gane fuska, don Allah ka kunna, na Windows mai suna Windows Hello tun 2015 take, na yatsa na Apple wato Touch ID ya hau MacBook tun 2016, akwatin bazai daina zuwa ba amma taɓawa ɗaya ce maimakon buga baƙi goma sha wani abu. Ni tawa bata da ko ɗaya, kuma na bi ta kan sauran gyare gyaren abin ya ragu amma bai kai yadda zan iya aiki cikin natsuwa ba, da tana da na yatsa ina kyautata zaton da ban sauka ba.

Abu ɗaya da bazan taɓa ba kowa shawara ba shine kashe tambayar gaba ɗaya ko cire fasawod ɗin shiga, naga masu koyar da haka kamar wata gwaninta. In laftop ce ana iya ɗauke ta a ko ina, wanda ya buɗe ya tarar babu makulli ya samu imel ɗinka, wanda ya samu imel ɗinka kuwa ya samu hanyar sauya fasawod ɗin kusan duk sauran akawun ɗinka. Rage yawan tambaya daban, cire ƙofa daban.

Abin da nake roƙon masu ƙera waɗannan sistem ɗin ba mai yawa bane wallahi. Akwatin ya faɗi sunan manhajar da ni na sani, sunan da ke jikin alamarta da nake dannawa, ya faɗi abin da take so tayi da harshen da mai sayar da kaya ko malamin makaranta zai gane, ya faɗi abin da zai faru in naƙi, kuma in na amsa ya riƙe amsar. Kuma ya daina ƙwace kibod a tsakiyar rubutu, wannan ɗin ma haɗari ne, don wata rana abin da kake bugawa zai faɗa inda bai kamata ba, ko kuma akasin haka, akwatin ya ɓace kai kana ci gaba da buga fasawod ɗinka a cikin saƙon da zaka tura ma wani.

Su kuma 'yan uwa da kwamfutar wurin aiki ce a hannunsu, ku kar ma ku fara, ba taku bace, kuma yawanci tambayar ba daga sistem take ba, doka ce da masu kula da kwamfutocin ofis suka ɗora, ko kun sauke zata biyo ku. Wurinsu zaku kai kuka. In irin dokar nan ce ta a canza fasawod duk bayan wata biyu ko uku, kuna da hujjar da zaku riƙe, hukumar NIST ta Amurka mai tsara ƙa'idojin fasaha tun 2017 ta bada shawarar a daina tilasta canjin lokaci lokaci sai in akwai alamar an sace fasawod ɗin, saboda abin da mutane keyi shine su ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohon, ita ma Microsoft a 2019 ta cire wannan dokar daga ƙa'idojin tsaron da take ba ofisoshi shawara dasu. Ku tafi da wannan cikin ladabi, ku nemi a baku shiga da yatsa ko ɗan makullin da ake sokawa a jikin na'ura in ofis ɗin zai iya saya.